Toka da Lemun Tsami

Mastura ta matse lemun tsami na uku a kan tokar, ta cuɗa da yatsa, ta sake ɗaukar ƙarfen ta ci gaba da dirza. Da farko baƙin ya yi mata gardama. Sai da ta ɗebo ɗan yashi daga gindin bango ta ƙara, sannan ya soma saki, yana fita ɓarɓashi-ɓarɓashi yana bin ruwan tasa.

"Ai na sani," ta ce wa ƙarfen. "Tukunyar da ta fi ka taurin kai ma ta bi."

Tana tsugune ne a bayan ɗakin girki na gidan kamfani, inda ta shekara shida tana wanki da guga. Mai gidan Bajamushe ne, injiniya a aikin faɗaɗa tashar jiragen ruwa ta Jidda. Sunansa Ulrich Kessenbrink, amma wa zai wahalar da harshensa? Kowa Hawaja yake ce masa, kamar yadda ake ce wa duk wani Bature a garin. Dattijo ne dogo, yana ɗan ɗingishi, ba shi da mata, ba shi da yawan magana. Gobe da safe zai shiga jirgin ruwa ya koma ƙasarsu, tafiyar da babu dawowa, shi ya sa tun jiya ake ɗaure kaya.

A can ƙasan akwatin tufafinsa ta tsinci abin, cikin wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba. Ƙarfe ne mai fukafukai huɗu, da zobe a sama, da ɗan ƙyalle mai ja da fari da baƙi na ratayawa a wuya. Gefensa fari kamar azurfa, cikinsa kuwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, har ya fara ɓamɓarowa a gefe guda. A tsakiyarsa akwai wani wuri da aka ƙarce. Ta ɗan yi jim da ta ga siffar gicciye ce, amma Hamad kuku ya leƙo ya ce mata wannan ba na coci ba ne, lambar yabo ce ta soja.

"Ta soja ko ta coci, dauɗa dai dauɗa ce," in ji ta.

To, Mastura 'yar garin Mai Wurno ce a ƙasar Sudan, kuma tun tana yarinya uwarta ta koya mata cewa matafiyi ba ya fita da dauɗa. Ko ludayi ne sai an wanke shi kafin a sa a kaya, don kada mutanen can su ce daga hannun ƙazamai ya fito. Ga shi kuma ba ta da abin sallama da za ta ba wa mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba. Me talaka zai ba Bature? Sai aikin hannunsa. Ta ƙudurta a ranta cewa in ya isa gida ya buɗe ɗan akwatin nan, sai ya ga abin yana ɗaukar ido, ya tuna da ita.

Ta ɗauraye, ta goge da gefen zanenta, ta ɗaga wa rana. Baƙin ya tafi kaf. Ƙarfen ya fito fes, ruwan toka mai haske.

Daidai nan ta ji tsayuwar mota. Mijinta ne Rafi'u, direban Hawaja, ya sauke shi a ofis ya dawo kwasar akwatuna. Yau da la'asar Hawaja zai sa hannu a kan takardar da za ta bar Rafi'u a aiki a ƙarƙashin sabon injiniya. Takardar nan ita ce komai. Iƙamarsu, wato takardar izinin zama, za ta ƙare ƙarshen wata, kamfanin ne kafilinsu mai tsaya musu, in babu takarda babu sabuntawa, in babu sabuntawa sai a tasa ƙeyarsu zuwa jirgin Fot Sudan. Ga 'yarsu Bashira tana aure a unguwar Hindawiyya da cikin fari na wata takwas, Mastura har ta tanadi itacen wankan jego ta jibge a bayan ɗaki.

"Malam, zo ka gani," ta ce, tana miƙa masa a tafin hannu.

Rafi'u ya duba. Bai karɓa ba. Ya cire hularsa, ya shafa kai, ya mayar.

"Mastura, me kika yi?"

"Wankewa na yi. Da ka gan shi ɗazu, ko kare ba zai..."

"Biyo ni."

Ya ja ta zuwa falo, inda aka sassauke hotuna aka jingine a bango ana jiran a naɗe su a jarida. Ya zaro wani ƙarami daga baya. Hawaja ne yana saurayi, cikin kayan soja, fuska a rame, wani babba yana miƙa masa hannu. A wuyansa ga abin nan a rataye, sabo fil, kuma baƙi ƙirin.

"Ranar da aka ba shi ke nan," in ji Rafi'u. "Haka ake ƙera lambar. Baƙin nan fenti ne, ba dauɗa ba. Ba kowa ake ba wa irinta ba, cikin dubu da wuya ki sami ɗaya. Kin goge wa mutum darajarsa da toka."

Mastura ta ja da baya. Ta zauna a kan wani akwati.

"Innalillahi. Kai ina ka sani?"

"Ina na sani? Wa ya yi shekara uku yana jan motar ruwa a saharar Libiya, ni ko ke?"

Gaskiyarsa. Ya yi soja a rundunar Sudan a ƙarƙashin Turawan Ingila, shi da ƙanensa, shi kaɗai kuma ya dawo. Shi ma an ba shi wata lamba mai siffar tauraro, Bashira ta yi ta wasa da ita tana ƙarama har ta ɓace a rairayin Hindawiyya, bai ko neme ta ba. Maganar yaƙi ba ta cikin hirarsa, har Mastura kan manta.

Ya leƙa ƙofa ya ga Hamad ba ya kusa, sannan ya rage murya.

"Saurara. Shekara shida kina gidan nan, kin taɓa ganin ya buɗe ɗan akwatin nan?"

"Ban taɓa ba."

"Halas, shi ke nan. Mayar da ita, ki rufe, ki tura ƙasan kaya yadda kika same ta. Kafin ya gani ya tsallaka teku."

"In ya gani a can fa?"

"Sai ya gani. Zai dawo ya karɓe takarda ne?"

"Malam, amana ce."

"Ban ce ki yi ƙarya ba. Shiru na ce ki yi. In kuma zuciyarki ba za ta kwanta ba, ina kwallinki? Kwaɓa da ɗan mai ki shafa, ya koma baƙinsa."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da tandun kwalli. Ta kwaɓa, ta shafa da ɗan yatsa a hankali. Ƙarfen ya yi baƙi kam, daga nesa sai ka rantse ba abin da ya same shi. Amma tana ajiye shi a kan farin ƙyallen da ke cikin ɗan akwatin, sai ya bar shaida, siffarsa sak, fukafukai huɗu. Ta kalli yatsunta, su ma baƙi. Ta tashi ta koma bakin famfo ta wanke kwallin tas, ta wanke ƙyallen ta shanya.

Rafi'u ya biyo ta. "Wai me kike nufi?"

"Ɗazu kuskure na yi. Wannan kuwa ha'inci ne."

"To ki je ki gaya wa Bashira haka. Ki ce mata ranar da za ta durƙusa uwarta tana Fot Sudan tana gadin amana." Ya ɗauki akwati ya saɓa a kafaɗa. A bakin ƙofa ya juyo. "Ba ki san mutanen nan ba, Mastura. Ni na san su. A kan irin wannan ƙarfen suka yarda su mutu. Ki bari ya sa hannu tukuna, na roƙe ki."

Ta yini tana guga. Riga goma sha ɗaya, wando bakwai, da tarin hankici. Gumi yana zuba, iskar teku mai danshi ba ta busar da komai. Tana guga tana shawara, ta ɗaura wannan ta kwance waccan. Ta tuna da itacen da ta jibge. Ta tuna yadda Bashira ta riƙe mata hannu jiya ta ce, Inna, tsoro nake ji. Sai ta ce a ranta, Malam ya yi gaskiya, shiru ba ƙarya ba ne. Ta mayar da lambar cikin ɗan akwatin, ta rufe. Can kuma ta hango dattijon nan shi kaɗai a wani ɗaki mai sanyi, ya buɗe, ya gani, ya ce ashe haka matar nan take. Da ta idar da sallar azahar, ɗan akwatin yana nan a kan teburin guga, bai koma ƙasan kaya ba, bai kuma je ko'ina ba.

Da la'asar Rafi'u ya dawo da Hawaja. Falon ya zama fayau, saura tebur ɗaya da kujera biyu. Hawaja ya zauna, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, ya fito da takardar daga jaka, an riga an buga ta da tafireta. Rafi'u yana tsaye a gefe, hannu a baya. Hawaja ya buɗe alƙalami.

Mastura ta shigo da faranti. Ta ajiye masa shayi a dama, yadda ta saba. A hagu, daf da takardar, ta ajiye ɗan akwatin a buɗe.

Rafi'u ya runtse ido.

"Hawaja," ta ce da Larabci, "kafin ka sa hannu, ka ga wannan. Ni na yi. Na zaci dauɗa ce."

Hawaja ya ajiye alƙalamin. Ya daɗe yana kallo bai taɓa ba. Jini ya taru a fuskarsa, daga wuya har kunne. Sannan ya ɗauko lambar da yatsu biyu, ya juya gaba, ya juya baya, ya kai ta kusa da taga.

"Wa ya ce ki buɗe?"

"Ba kowa."

"Da me kika yi?"

"Toka da lemun tsami. Da ɗan yashi."

"Yashi," in ji shi. Ya fitar da wani sauti ta hanci, ba za ka ce dariya ce ba, ba za ka ce kuka ne ba. "Ki zauna, Hajja Mastura. Kai ma, Rafi'u."

Ta zauna a kan akwati. Rafi'u bai zauna ba.

Larabcin Hawaja na bakin tasha ne, na ɗaga nan, sauke can, yalla yalla. Yau sai ga shi yana laluben kalmomi ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ya ce ubansa akawu ne a tashar jirgin ƙasa, shi kuwa ya shiga soja yana da shekara goma sha tara, saboda abinci sau uku da takalma masu kyau. Ya iya lissafi, sai aka tura shi makarantar hafsoshi. Yaƙi ya same shi yana Laftana. Ya shiga Polan, ya shiga Faransa, aka ba shi Kyaftin, aka tura shi Libiya.

"A can aka ce in riƙe wani tudu kusa da teku. Mutum ɗari da arba'in aka ba ni. Aka ce kwana uku. Muka yi tara. Ruwa ya ƙare a na shida. Tudun babu komai a kansa, Hajja, ko akuya ba za ta tsaya ba." Ya ɗaga lambar. "Mu talatin da uku muka sauko. Ni aka sa wa wannan a wuya, aka ɗauki hoto, aka buga a jarida. Bayan wata biyu muka bar wa Turawan Ingila tudun, ba wanda ya ko waiwaya."

Daga nan Manjo, daga nan Rasha, inda ya samu ɗingishin. Kafin ya koma fagen daga karo na ƙarshe ya bar wa uwarsa lambar ta ajiye. Aka kama shi, ya yi shekara shida a tsare yana saran itace. Da ya dawo uwar ta rasu, gidan ma babu, sai ƙanwarsa ce ta miƙa masa ɗan akwatin.

"Kin ga nan?" Ya nuna wurin da aka ƙarce a tsakiya. "Akwai wata alama a nan, ta mutanen da muka yi wa yaƙi. A lokacin na riga na san abin da aka aikata da sunanta. Wani abin ma tun da can na sani, na kau da kai. Na sayi zarto na goge ta da hannuna. Na zaci in na goge shi ke nan. Na rufe, ban sake buɗewa ba. Shekara goma sha bakwai."

Mastura ta saci kallon takardar. Har yanzu babu sa hannu.

"Ɗari da bakwai ne ba su sauko ba," in ji Hawaja. "Da can ina iya kawo sunayensu duka."

"Na wancan gefen fa, Hawaja?"

Rafi'u ne. Mastura ta juyo da sauri. Mutumin da ɗazu ya roƙe ta ta yi shiru, shi ne ya buɗe baki. Ta harare shi, bai ko dube ta ba.

"Wane gefe?"

"Waɗanda suke hawowa tudun. Su nawa ne?"

Hawaja ya kalli lambar da ke hannunsa. "Ban ƙirga ba. Ba a ƙirga su."

"Ni na san ɗaya. Ba a tudunka ba, can kudu ne, a hanyar Kufra. Ƙanena. Motar ruwa yake ja, ni ina gaba, shi yana baya. Shekararsa ashirin da ɗaya."

"Kai soja ne?"

"Direba, a rundunar Sudan."

"Ni ban taɓa zuwa kudu ba."

"Na sani. Jirgin sama ne. Amma akwai irin wannan a fiffikensa, na gan shi da idona."

Hawaja ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa. "Shekara shida kana tuƙa ni. Ba ka taɓa faɗa ba."

"Ba ka taɓa tambaya ba, Hawaja."

Mastura ta sunkuyar da kai. A ranta ta ce shi ke nan, itacen nan sai dai maƙwabta su ƙona. Tana jin ƙarar motoci a titi, da wani mai tallan ruwa yana kaɗa jakinsa.

"Yaya sunansa?" in ji Hawaja.

"Abdulghani."

Hawaja ya faɗi sunan, bai fito daidai ba. Ya sake faɗa a hankali. Rafi'u ya gyaɗa kai, sannan ya ja kujerar da ta rage ya zauna, abin da bai taɓa yi ba a gidan nan.

Hawaja ya ajiye lambar, ya jawo takardar, ya sa hannu. Ya hura tawadar, ya ninke, ya miƙa wa Rafi'u da hannu biyu. Rafi'u bai yi godiya ba, ya dai sa ta a aljihun ƙirji ya dafe. Mastura ta goge ido da bakin mayafi.

"Ka yafe mini, Hawaja. Akwai maƙeri a unguwar Kurayyat, in Malam ya kai masa yanzu, ƙila ya mayar da fentin kafin safe."

"A'a. A bar ta haka."

Ta matso ta duba lambar da idon mai aiki, ta ga abin da ta ji tsoro. Tun safe zuwa yanzu, danshin Jidda har ya fara aikinsa, wani ɗan ja-ja ya fito a kusurwa ɗaya.

"To akwai magana," ta ce. "Fentin nan shi ke tsare ta. Yanzu ƙarfe ne tsirara, ga shi za ka bi teku. In ka rufe ta ka manta kamar da, tsatsa za ta cinye ta."

"Me ake yi?"

"Sai an riƙa fito da ita. Duk mako a goge, a shafa mai kaɗan. Kamar tukunyar ƙarfe." Ta ɗan yi jinkiri. "Akwai wanda zai yi maka a can?"

"Babu."

"To sai kai."

Hawaja ya sa babban yatsa a kan jan wurin ya murza, ya duba yatsan.

"Duk mako," in ji shi.

"Duk mako. Ba ta son mantuwa."

Ta tafi bayan ɗakin girki, ta ɗebo toka mai laushi daga murhu, ta tankaɗe, ta ƙulle a ɗan tsumma mai tsabta. Ta zaɓi lemun tsami biyu masu ƙwari daga kwandon Hamad. Da ta dawo, mazan biyu suna nan zaune, shayin ya huce. Hawaja bai mayar da ɗan akwatin ƙasan kaya ba, ya sa shi a jakar hannunsa, a sama. Mastura ta tura ƙullin tokar da lemun a gefensa, ta ja zif ɗin, ta ɗauki faranti ta tafi ɗumamo shayin. Da za ta shigo, a bakin ƙofa ta tsaya, ta koma ɗakin girki ta ɗauko kofi na biyu.